Likitan Gansakuka

Mutumin da aka ce zai tarbe ni a filin jirgin Dubai, har yau bai iso ba. Na fito da jakata da takardun digirina cikin leda, na tsaya inda masu tarba ke ɗaga kwalaye da sunayen baƙinsu, na bi ina karantawa ɗaya bayan ɗaya, babu Sagir. Na kira lambar da ejan ɗin da ya yi mini biza ya ba ni, shi da ya rantse har da dafa Alƙur'ani cewa aikin ɗakin gwaje-gwaje yana jirana a wani asibiti. Wata mata ta amsa da Larabci mai daɗi, ta maimaita da Turanci, cewa wayar a kashe take. Na sake kira, ta sake faɗa. Ita ba ta gaji ba, ni ne na gaji, na samu kujera na zauna ina kallon mutane suna rungumar 'yan uwansu.

Ni ɗan Gumel ne. Babban ruwan da na sani a duniya shi ne kududdufin bayan gidanmu idan damina ta yi kyau. Na karanta ilmin ƙananan halittun da ido ba ya gani, na gama, na zauna a gida har takardun suka fara canza launi. Shi ya sa da ejan ya ce Dubai ban tsaya dogon bincike ba, mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki.

Wani mai shara ɗan Gana ne ya lura na daɗe a kujerar. Ya tambaye ni daga ina, na faɗa masa, sai ya juya harshe zuwa Hausar Kumasi ya ce in hau jirgin ƙasa in nemi unguwar Naif, 'yan uwana suna can. Ya rubuta mini sunan tashar a bayan tikitina. Ban tambayi sunansa ba, kuma ban sake ganinsa ba.

Naif kuwa kamar an ɗauko Kantin Kwari an zuba mata zafi ninki biyu. Lunguna ƙanana, atamfa da takalma da jakunkuna har bakin hanya, masu tura kura suna ta yalla yalla, Hausa tana tashi ta ko'ina. Da na ji ta sai da ƙwalla ta cika mini ido. Amma duk wanda na yi wa sallama, tambayarsa ta farko ita ce wane kaya na zo saye. In na ce aiki na zo nema, sai ya ce Allah Ya rufa asiri, ya koma kan wayarsa. Ban ga laifinsu ba, irina suna gani kullum.

A bakin wani shagon kago, na masu aika kaya gida, na tsaya don inuwa, inda wani dattijo baƙi siriri yake ɗaure kwalaye da salatif. Ya daɗe yana kallon ƙafata. Can ya ce wannan takalmi na neman aikin ofis ne, kuma mai shi bai karya ba. Bai jira amsa ba, ya sa aka kawo shayin karak da burodin Indiyawa mai mai, ya tura mini kwali ya ce in zauna. Sai da na cinye sannan ya ce, "To ɗana, mi ya faru?" Na ba shi labari. Bai yi salati ba, bai zagi ejan ba, ya ce ai labarin tsoho ne, sunan mai shi kawai ke canzawa.

Wannan shi ne Baba Manu. Basarke ne daga Yawuri, masunci ɗan masunci, a faɗarsa ma a cikin kwalekwale aka haife shi. Kifi ya ja baya a kogi, taru ya riƙa fitowa wayam, wani ɗan ƙanensa ya jawo shi Dubai ɗaure kaya. Ɗan ƙanen ya koma gida, shi ya zauna.

Ya kai ni ɗakinsu a unguwar Hor Al Anz, ɗaki ɗaya mai gadaje masu hawa, kowa da labulen zani a bakin gadonsa. Shugaban ɗakin wani Bakano ne mai suna Habu, mai baki amma ba mugu ba. Ya ce wuri babu. Baba Manu ya nuna tsakanin gadaje ya ce ga wuri nan, in dai mutum bai fi tabarma tsawo ba. A nan na kwanta watanni, duk mai fita alwalar asuba sai ya tsallake ni. Da rana ina ɗaukar kwalaye tare da Baba, hannuwana suka yi kanta, takalmin ofis ya buɗe baki. Idan Innata ta kira sai in shiga lungu mai shiru in ce mata aiki lafiya lau. Kewar gida ta fi cin mutum da la'asar, lokacin da na san ana tankaɗen garin tuwo a tsakar gidanmu.

Shi Baba Manu ba gida kaɗai yake kewa ba, ruwa yake kewa. Duk safiyar Juma'a, da yake shaguna ba sa buɗewa sai an sauko daga masallaci, yakan hau bas har ƙarshen layi, ya taka zuwa wani bakin teku a wajen gari inda ruwa ke janyewa ya bar laka. Ya naɗe wando, ya yi ta tono kumba, irin abin nan mai ɓawo biyu, da ƙaguwa in ya samu, ya cika bokiti ya dawo ya yi farfesu. Kanawan ɗakin sai su toshe hanci. Habu ya ce shi dai ba zai ci abin da ba a yanka ba, kuma ba shi da ko ƙaya. Baba ya ce ina ruwan wanda bai taɓa ganin kifi ba sai busasshe. Ni da farko kunya ce ta sa na karɓi kwanon, ba na iya cewa a'a ga mutumin da ya ba ni tabarma. Daga baya na zama ni ke tambaya ko da saura.

Aikin da na samu ma bakinsa ne ya samo mini. Duk wanda ya kawo kaya sai ya faɗa masa cewa yana da likita a nan yana ɗaukar kwali. Na sha roƙonsa ya daina, ni ba likita ba ne. Ya ce wanda ya yi karatun abin da ido ba ya gani, in ba likita ba ne to boka ne, in zaɓa. Wata rana ya faɗa wa wani direba Basudane, ashe yayarsa tana aiki a wani ƙaramin kamfani mai gwajin ruwan teku. Ita ce Dakta Ihsan, mace mai tabarau da ƙarancin magana. Ta duba takarduna, ta ba ni bututu ta ce in nuna mata yadda nake ɗiga ruwa. Na ɗiga. Ta ce khalas, wato shi ke nan, in zo ranar Litinin. Su suka gyara mini takardun zama.

Ranar farko a jirgin ruwa na yi amai har na ga kamar hanjina zai fito. Da na ba da labari a ɗaki Baba Manu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Allah mai iko, Ya hana masunci teku Ya ba ɗan Gumel. Dariya yake yi, amma na ji abin da ke ƙarƙashinta.

Aikin shi ne wannan. A cikin teku akwai wasu tsirrai ƙanana ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsu. Yawancinsu ba ruwansu da kowa, su kifi ke ci. Amma akwai masu dafi. Idan suka samu yanayi suka hayayyafa, ruwa yakan yi ja, kifin da ake kiwo a keji ya mutu, kumba kuwa da ke tace ruwa tana ci sai ta tara dafin a jikinta, ita ba ta mutu ba, wanda ya ci ta ne zai ji. Da can sai an ga jan ruwa, ko a ɗebi kwalba a kai babban ɗakin gwaji a yi ta jira, kafin sakamako ya fito aikin gama ya gama. Mu kuwa da wata na'ura muke fita, ba ta fi kular abinci girma ba. A zuƙo ruwa da sirinji, a matse shi ta matata, a wanko abin da ya maƙale, a ɗiga cikin ɗan bututu a sa a na'urar. Ta ɗumama shi, ta nemi DNA ɗin mai dafin. In yana nan, ko kaɗan ne, wani layi zai tashi a allon kafin a dafa shinkafa ta nuna. Tun ruwa yana garau za a sani.

Da na yi wa Baba bayanin DNA, ya fi ɗaliban ajinmu saurin ganewa. Ya ce wato tsagar fuskar abin take dubawa, ta san ɗan gidan wane ne. Na ce wallahi haka ne. Sai ya tambaye ni sunan abin da Hausa. Na shiga lalube. Ba ciyawa ba ce, ba ƙwaro ba ne, ba kainuwa ba ce. Abin da ya fi kusa, wanda ko ƙamus shi zai ba ka, na faɗa: gansakuka.

Ɗakin ya ɗauki dariya. Habu ya leƙo daga saman gado ya ce yanzu duk wannan boko, da jirgin sama, da amai, a kan gansakuka ne? Abin da yara ke turewa da bayan ƙwarya su sha ruwa? Daga ranar na zama Likitan Gansakuka. Har mai shayin karak ɗan Kerala ta ƙasar Indiya ya koya, yana kirana da shi bai san ma'anarsa ba. Ban damu ba, a baƙon gari wanda aka yi wa laƙabi ya zama ɗan gida.

Bayan sanyi ya fara shigowa aka kira Baba daga Yawuri, 'yarsa ta fari ta haifi namiji, jikansa na farko. Suna zai faɗo ranar Juma'a, kuma an ce sunansa za a mayar, Usmanu. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya nuna hoton jaririn ga duk wanda ya tsaya, har 'yan Pakistan masu tura kura. Ya ce tunda ba zai ci naman suna a can ba, zai yi nasa a nan: shinkafa da kaji don Kanawa, shi da Likita kuwa abin da hannunsa ya ciro daga ruwa, yadda Basarke ke yi wa jikansa.

Ranar Alhamis muka ɗebi ruwa a gefen da ke kallon bakin tekun nan nasa. Ruwan ya yi kyau har ana ganin yashi a ƙasa. Na sa bututu, na juya ina wanke sirinji, sai na ji Dakta Ihsan ta ajiye kofinta. Layin ya tashi. Muka sake, ya sake tashi. Ta ce irin mai shanye jiki ne, kuma mai yiwuwa ya kwana biyu a wurin. Tun a jirgin ta fara kiran masu kejin kifi da hukuma, aka shiga shirin fitar da sanarwa. Ni ba kifin kowa nake tunani ba, bokitin Baba nake gani.

Na same shi a ɗaki gab da magariba yana yanka albasa. Na ce masa gobe kada ya je, abin nan da nake gwadawa ya fito, daidai wurinsa. Ya ce gansakukar? Na ce ita. Ya ce to ai da sauƙi, sai ya kauce mata ya tona a gefe. Na ce ba a ganinta. Ya yi murmushi irin na babba da yaro, ya ce shi ya sha ruwan da kore ya rufe, ya ga na ja, ya ga na baƙi, ruwa ba ya tsami banza, in ya lalace shi da kansa yake faɗa. Kuma ko ma mene ne, ai wuta za ta ci shi. Na ce wannan wuta ba ta kashe shi, ko a kwana ana tafasawa. Na ce yana kisa. Na faɗa da bakina, Habu shaida ne. Amma duk abin da na ɗora, a kan kalmar nan yake sauka, ita kuwa ta riga ta zauna masa a ka tun ranar da aka yi dariya. Aka kira salla. Ya goge hannu, ya dafa kafaɗata.

"Likita, kwantar da hankalinka. Na yi maka alkawari, in na ga gansakuka ko ƙanƙanuwa, ba ni taɓa komi."

Na ce ba haka nake nufi ba, kada ya je sam. Ya ce to, to, ya ji, yana neman takalminsa. Na ɗauka ya ji ɗin.

Da asuba motar kamfani ta ɗauke ni, za mu bi gaɓar mu ga iya inda abin ya kai. Can cikin teku waya ba ta kamawa. Sai da muka doso tudu, an riga an sauko daga Juma'a, saƙonni suka shigo. Akwai bidiyo daga Baba, tun da hantsi. Ga shi cikin ruwa har gwiwa, wando a naɗe, ya juya wayar yana nuna mini ƙasa, yatsun ƙafarsa suna bayyane a kan yashi. "Likita, duba da kanka. Garau! Ko ɗigon gansakuka babu. Na cika alkawari ko ban cika ba?" Yana dariya, iska tana kaɗa masa riga.

Na kira. Ya ɗauka da fara'a, amma harshensa ya yi nauyi. Ya ce in yi sauri, Kanawa sun cinye kaji, shi kuma farfesu ya yi daɗin da bai taɓa yi ba, sai dai barkonon Indiyawan nan ba shi da kirki, ya kashe masa leɓe, har yatsunsa yake ji kamar ana soka musu allura. Na ce ya ba Habu wayar. Ban san da wace murya na yi magana ba, na dai ji Dakta Ihsan ta karɓe wayar tana faɗa wa Habu abin da zai gaya wa motar asibiti, ta kuma kira su da tata.

Habu ya ba ni labarin sauran daga baya. Baba ya ce ba ya zuwa asibiti ranar sunan jikansa saboda barkono. Ya tashi zai nuna musu lafiyarsa ƙalau, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Suka ba shi madara, abin da kowa ya sani ke nan. Idonsa biyu, yana jin su, amma numfashi yana gajarta. Kafin masu motar asibitin su hauro benen gidan, numfashin ya tsaya. Sun yi iya yinsu a ɗakin, sun yi a hanya, likitoci ma sun yi. Na isa asibitin da rigar aiki mai warin teku, na tarar da Habu zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da muka koma ɗaki, a kan gadon da na samu bayan wani ya tafi gida, na ga kwano an rufe shi da faifan da Baba ya zo da shi daga Yawuri. Rabona ne. Ya zaɓo mini manyan. Ma'aikatan lafiya suka zo suka tafi da kwanon, na roƙe su suka bar mini faifan.

Bayan kwana biyu ruwa ya yi ja, tun daga gaɓa har inda ido ya tsaya. Masu keji sun riga sun janye kifinsu, an rufe bakin tekun, kowa yana cewa na'ura ta yi aiki. Gaskiya ne, ta yi. Na tsaya a jirgin ina kallon jan ruwan, na ce a raina, ga shi nan Baba, yanzu ya faɗa da kansa. Na yi kuka a gaban mutane, ban ɓoye ba. Dakta Ihsan ta ce wa direba ya kashe inji, muka zauna haka har na gama.

Takardu suka ɗauki lokacinsu, sannan muka binne shi a maƙabartar baƙi, cikin farin yashi, nesa da kowane kogi. Mutanen Naif suka zo da yawa, har waɗanda suka taɓa ce mini Allah Ya rufa asiri. Daga ranar ba wanda ya sake kirana da laƙabin nan. Habu ya taɓa farawa, ya ce "Likitan," ya haɗiye sauran. Ni ma yanzu duk wanda na gani da bokiti a bakin ruwa, guba nake ce masa, ba na ƙara komai.

Habu ne ya sanar da gida rasuwar tun ranar. Bayan jana'iza matar Baba, Inna Hajo, ta ce a ba ta yaron nan da yake yawan ambata. Na karɓi wayar na yi mata gaisuwa, ta amsa a natse. Ina jin kukan jariri a bayanta. Ta ce an yi ta faɗa mata maganganu, ita ba ta gane ba, an ce ni na yi karatun abin.

"Ɗana, mi ya kashe shi?"

Kalmar nan ta zo mini har bakin leɓe. Yaya zan ce wa matar Basarke gansakuka ta kashe mijinta? Na ce, "Guba ce, Inna."

"Guba? Wa ya ba shi?"

Muryarta ta canza, na gane inda hankalinta ya tafi. Na ce wallahi ba kowa, ba shi da abokin faɗa a garin nan. A cikin ruwan teku take, ido ba ya ganinta, ta shiga kumbar da ya tono.

"Shi da kansa ya shiga ruwan?"

"Da kansa, Inna. Har gwiwa. Ina da hotonsa, dariya yake yi."

Ta ce alhamdu lillahi. Ta ce tun da ya tafi abin da take tsoro ke nan, kada ya mutu a ƙarƙashin kayan mutane ƙafarsa a bushe. Ta ce in turo mata hoton, za ta ajiye wa takwaransa. Na ce to. Har za mu yi sallama sai ta ce, kai fa, ka samu cin abincin sunan?

Na dubi faifan a kan gadona. Na ce, "Ina wurin aiki, Inna. Amma ya ajiye mini nawa."

"Ai haka yake," in ji ta. "Bai iya ci shi kaɗai ba."